Alherin Allah Ba Kuɗin Ƙwadago Ba Ne

Karatu: Afisawa 2:1-10, Matiyu 20:1-16

Kalmar da za mu duba yau kalma ce da kowa ya sani, wato alheri. Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ita ake amfani da ita a maimakon kalmar Helenanci "karis". Amma akwai haɗari cikin kalmar da muka saba da ita. Mukan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wato wanda ya yi alheri yana sa ran wata rana zai dawo masa. Wanda ya je gayyar maƙwabcinsa bana, ya san baɗi za a zo tasa. Wannan kyakkyawar al'ada ce, ba mu raina ta ba. Sai dai alherin Allah ba irin wannan ba ne, gama ba mu da gonar da Allah zai zo gayya domin mu rama masa.

Manzo Bulus ya fara sura ta biyu ta Afisawa da faɗin matsayinmu, cewa matattu muke ta wurin zunubi. Bai ce marasa lafiya ba. Marar lafiya yana iya hawa mota daga Gwiwa zuwa asibitin Kazaure, amma gawa ba ta neman magani. Saboda haka in ceto ya zo, daga waje ya zo. A aya ta 8 da ta 9 ya nuna cewa har bangaskiyar da muke karɓar ceton da ita ba abin taƙama ba ce.

Ubangiji Yesu ya ba da misalin da kowane manomi a Roni ko Ɓaɓura zai gane. Mai gona ya fita da sassafe ya ɗauki 'yan ƙwadago, suka yi jinga a kan dinari guda. Ya sāke fita da ƙarfe 9, da tsakar rana, da ƙarfe 3, har da ƙarfe 5 na yamma ya tarar da waɗansu a tsaye ba wanda ya ɗauke su. Da lokacin biya ya yi, aka fara da na ƙarshe, kowa dinari guda. Waɗanda suka sha rana tun safe suka yi gunaguni.

Mu faɗi gaskiya, da mu ne, da mun yi gunagunin. Wanda ya taɓa yin noman gero da rana tsaka ya san zafin abin. Amma mu lura, ba a zalunci kowa ba. Na farko sun karɓi abin da aka yi jinga a kai. Abin da ya ɓata musu rai shi ne ganin wani ya sami abin da bai yi wa gumi ba. Mutumin ƙarfe 5 kuwa, iyalinsa na bukatar tuwon dare daidai da iyalin mutumin asuba. Mai gona ya dubi bukatarsa, bai dubi yawan kunyar da ya nome ba. A Romawa 4:4 Bulus ya bambanta su sarai: abin da aka biya ma'aikaci hakkinsa ne, ba kyauta ba. In ceto hakki ne, to, bai zama alheri ba ke nan.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. Wani malami mai suna Filajiyus ya koyar cewa mutum na iya kiyaye dokar Allah da ƙarfin kansa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ƙi wannan koyarwa, taron Kartaj na shekarar 418 kuma ya soke ta. Ɗan Afirka ne ya tsaya a kan wannan gaskiya tun kafin Martin Luta ya ɗaga muryarsa a Jamus a 1517.

To, ina abin ya taɓa mu? A cikin ikilisiyoyinmu akwai gidajen da suka karɓi bishara tun zamanin da 'yan mishan na SIM suke Roni, kafin a kafa ECWA a 1954. Sun sha raini, sun gina majami'u da hannuwansu, mun kuwa gode wa Allah dominsu. Akwai kuma wanda ya tuba shekaranjiya, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa cikin shaye-shaye. A teburin jibin Ubangiji gurasa ɗaya ake miƙa musu. In zuciyarmu ta ji ciwon wannan, mun shiga layin masu gunaguni.

Akwai kuma tsoho ko tsohuwa a bakin mutuwa da ke tambayar fasto, ko abin da na yi ya isa? Yana lissafin baiko da zakka da ranakun da bai je sujada ba. Kada mu ta'azantar da shi da cewa ai ka yi ƙoƙari, gama wannan ƙara masa lissafi ne. Mu kai shi Luka 23, wurin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu. Hannuwansa a kafe suke, ba zai iya yin aiki ko ɗaya ba, duk da haka a ranar aka yi masa alkawarin Firdausi.

Wani zai ce, in haka ne sai kowa ya yi abin da ya ga dama. Bulus ya amsa wannan a Romawa 6, ya kuma ce wa Titus alherin nan shi ne ke koya mana mu rabu da mugunta. Aya ta 10 ta karatunmu ta sa kyawawan ayyuka a bayan ceto, ba a gabansa ba. Shi ya sa ikilisiya takan sa mai laifi a horo, daidai ne kuwa. Amma dattawa su tuna watannin horo ba kuɗin fansa ba ne, an riga an biya wannan a gicciye. Ran da aka dawo da ɗan'uwa cikin zumunci, kada a bar shi a bencin baya. A ba shi wurin zamansa na dā, a kuma daina ambaton laifin a gabansa ko a bayansa.