Dokokin da ya kamata ɗalibin injiniya ya sani

Ɗalibin da ya taso daga Gude ko Kabo ya samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan titin Gwarzo, shekara 5 ce a gabansa, kuma akwai dokokin da za a auna shi da su.

Na farko rajista: kwas ɗin da ba a yi wa rajista ba, ko an rubuta jarrabawarsa, ba ya shiga lissafi. Sai halartar lacca, inda ake neman kashi 75 cikin 100 kafin a shiga jarrabawa. Sannan matsakaicin maki, wato CGPA, da ake aunawa a kan 5, daga 4.50 ake samun digiri mai daraja ta ɗaya. Kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita shi, kuma sifilinsa yana jan makin ƙasa.

A aji huɗu akwai SIWES, wata 6 na koyon aiki a masana'antu. Littafin da ɗalibi ke rubuta aikin kullum a ciki, mai ɗauke da sa hannun mai kula da shi, shi ma maki ne.

Satar amsa kuwa tana kai mutum ga kora. Don haka a nemi kundin dokokin ɗalibai a karanta tun makon farko.