Uwar Bakwaini: Damuwar Zuci da Tallafin Farko

Kalmar "bakwaini" daga "bakwai" ta samo asali, wato jaririn da aka haifa a wata na bakwai, amma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙunshi duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar ta ƙiyasta haihuwar irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020.

Hankalin ma'aikatan asibiti kan karkata ga jaririn da ke cikin kwalba, a bar maijego da zulumi, rashin barci da zargin kai. A ƙasar Hausa nauyin kan ƙaru, domin al'adun jego, tun daga zuwan 'yan barka har taron suna, an gina su ne bisa kasancewar uwa da ɗa a ɗaki guda. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda kan hana ta furta abin da ke ranta.

A 1978, ƙarancin kwalabe ya sa Dakta Edgar Rey na birnin Bogota, a Kolombiya, ya ɓullo da dabarar ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa, fata na taɓa fata. Goyo ne, sai dai na gaba, kuma yakan mayar da uwa daga 'yar kallo zuwa mai jinya. A 2022 Hukumar ta ba da shawarar fara shi nan take bayan haihuwa.

Gano damuwar kanta ya fi wuya. Ma'aunin Edinbura na 1987 tambayoyi goma ne, amma "damuwa" da "baƙin ciki" a bakin Bahaushiya ba lallai su nuna ciwo ba. Aikin tantance su na masana harshe ne.