Motar Da Ke Tashi Yau, Ta Ƙi Gobe

Har yanzu akan ga tsofaffin motoci a hanyar Illela zuwa Kwanni, da ta Gwadabawa zuwa Sakkwato, watau Land Rover da aka soma ƙerawa a Ingila a 1948, da Peugeot 404 ta Faransa mai fitowa a 1960, da ƙanwarta 504 wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ciwonsu mai wuyar ganewa shi ne su tashi yau, gobe su ƙi. Hakimi na shirin zuwa taro a Sakkwato, sai direba ya ce a sayi sabon batir ko kafireta. Kada malamin hakimi ya ba da kuɗi sai an bincika, gama sau da yawa gyaran ba ya bukatar sayen kome.

A fara da sauraro. In aka murɗa makulli aka ji ƙas kaɗai, fitilu suka dushe, a dubi kan batir. Farin garin da ke taruwa can yana tare wuta. A wanke shi da ruwan kanwa, kada ya shiga cikin batir, sa'an nan a ɗaure tam, har da wayar da ke manne da jikin mota.

In inji na juyawa amma bai kama ba, a cire wayar fulogi guda, a riƙe da busasshen ƙyalle kusa da ƙarfen inji, nesa da fetur, a murɗa. Tartsatsi shuɗi alama ce ta lafiya. In ja ne mai rauni, ko babu, a buɗe distiributa. Cikinta akwai wasu 'yan ƙarafa biyu, makanikai na ce musu kwantak, suna haɗuwa suna rabuwa, kuma a rabuwarsu ne kwayil ke sakin wuta zuwa fulogi. Tazararsu wajen milimita 0.4 ce. Ƙurar hunturu takan cinye ɗan dunduniyar da ke buɗe su, tazara ta ragu, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. A goge, a daidaita. Da damina kuwa raɓa kan shiga tsagar murfin ta sace wutar da safe, in rana ta ɗaga mota ta tashi kamar ba ita ba.

Wadda ke mutuwa bayan tafiya mai nisa da bazara, ta tashi in ta huce, a zargi kwayil ko kwandansa. Nan kam saye ya wajaba. Direba kuma ya daina barin makulli a buɗe inji na kashe, don haka ke ƙona kwayil.

Sai wuta ta tabbata za a koma ga mai. Fetur na kwalba da akan saya a bakin iyaka yakan zo da ruwa ko yashi. A tace shi, a wanke matatar famfo. Kafireta ita ce ta ƙarshen taɓawa, ko da yake ita makanikai suka fi saurin kwancewa.