Auna Yadda Ɗalibi Ke Kallon Kansa a Darasin Fiziks

Masu binciken koyar da fiziks suna auna abu biyu da makin jarrabawa ba ya nunawa: yadda ɗalibi ke ganin iyawarsa, da kuma ko ya ɗauki kansa ɗan wannan fanni. Galibi takardar tambayoyi ake ba shi, ya nuna iya amincewarsa da kowace magana daga 1 zuwa 5, bisa ma'aunin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932.

Na farkon ya fi daɗewa a hannun masana. A 1976 Richard Shavelson da abokan aikinsa suka bayyana cewa ganin da mutum ke yi wa kansa ba dunƙule yake ba, ya rarrabu fanni-fanni. Yaro na iya jin shi gwani ne a harshe, ya raina kansa a lissafi. Daga baya Herbert Marsh ya gano cewa in ɗalibai biyu ƙwazonsu ɗaya ne, wanda ke makarantar haziƙai ya fi ƙasƙantar da kansa, domin da na kusa da shi yake gwada kansa. Saboda haka kuskure ne a kwatanta sakamakon makarantu biyu kai tsaye.

Na biyun ya samu gindin zama a 2010, lokacin da Zahra Hazari da abokan aikinta suka yi nazarin amsoshin ɗalibai sama da 3,000 na manyan makarantun Amurka. Sun duba sha'awar ɗalibi, da yardarsa cewa zai iya fahimtar darasin ya kuma ci jarrabawa, sannan ko malamai da iyaye da abokai suna kallonsa a matsayin mai fiziks. Wanda ya ɗauki kansa ɗan fannin, shi ya fi niyyar yin sana'a a cikinsa. A ma'aunin ɗaukar kai ɗan fannin, mata sun samu maki ƙasa da na maza, amma makin ya ɗaga ga matan da aka taɓa tattauna ƙarancin mata a kimiyya a ajinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda a hannun malami yake.

Raunin ma'aunin shi ne dogaro da bakin ɗalibi. Inda aka tarbiyyantar da yara a kan kunya da kawaici, haziƙa na iya ƙin yabon kanta a takarda. Shi ya sa ake haɗa tambayoyin da hira da lura da aji, kuma dole a sake gwada ingancinsu kafin a yi aiki da su a wata ƙasa.