Gora, Leda da Famfo: Ina Matsalar Ruwan Shan Keffi Take?

Tun da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince, a watan Yunin 2024, da hana robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatun gwamnati, kuma Jihar Legas ta fara aiwatar da nata haramcin gadan-gadan ranar 1 ga Yulin 2025, shawara ɗaya ake ta nanatawa a rediyo da shafukan sada zumunta: kowa ya sayi gora mai ƙarko, ya riƙa cika ta a famfo, ya rabu da ruwan leda. Shawarar tana da kyau, amma masu bayar da ita sun tsallake tambayar da ta fi kowace nauyi ga mutumin Keffi: wane famfo, kuma wane irin ruwa? Ko Legas ɗin ma ba ta sa ruwan leda da na kwalba cikin haramcin ba, kuma miliyoyin mutane ba su da wani abin sha in an ɗauke su. Wanda ya tsaya kan mazubi ya manta da ruwan da za a zuba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ƙa'idar ruwan sha ba ta da wuyar fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya na 2007 wanda aka sabunta a 2015, sun yi ittifaƙi cewa kada a samu ƙwayar cutar da ke nuna gurɓacewa da bayan gida ko guda ɗaya a cikin mililita 100. Shi ya sa a matatar ruwa ake zuba alif datti ya kwanta, a tace ta cikin yashi, sannan a sa sinadarin kulorin, a bar ɗan ragowarsa ya raka ruwan har bakin famfo. Garai-garai ɗin ruwa a ido ba shaidar tsabta ba ce. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba su da launi, ba su da wari.

Ruwan famfon Keffi daga matatar Kogin Mada da ke Gudi yake tasowa, ya bi dogon bututu yana raba wa garuruwan da ke kan hanya. Ko da ya bar matata da cikakkiyar tsabta, haɗarin yana tsakaninta da gida. Bututun da ruwa ke gudana cikinsa dare da rana yana da matsi, don haka in ya tsage, waje yake fesowa. Wanda ake ba ruwa yau a ɗauke gobe kuwa, da zarar ya bushe sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar, alhali ƙananan bututun unguwanni sau da yawa ta cikin kwata suke ratsawa. Ruwan farko da ya zo bayan yankewa shi ne mafi hatsari, kuma shi ne ake rububin tara wa a jarka. Ke nan yawan ɗauke ruwa ba ƙarancin ruwa kaɗai yake haifarwa ba, shi kansa hanyar cuta ne.

Abin da matasanmu ba su sani ba shi ne, ba haka aka faro ba. A farkon shekarun 1930 Hukumar En'e ta Kano ta kammala aikin ruwa na Challawa da kuɗin baitulmalinta, wato harajin talakawa, ta kai famfo cikin birni tun ƙasar nan ba ta san kuɗin man fetur ba. Bayan samun 'yancin kai gwamnatocin yankuna da na jihohi sun ɗora, har famfon kan titi ya zama abin da ɗan makaranta ke kafa kai ya sha ba tare da fargaba ba. Daga baya garuruwa suka cika suka batse, bututu suka tsufa, gyara ya tsaya. Keffi ta ga wannan da idonta: kusancinta da Abuja, kafa Jihar Nasarawa a 1996, da zuwan jami'ar jiha da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, duk sun jawo jama'a da sababbin unguwanni fiye da abin da aka yi tanadi. Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsabta a Nuwamban 2018, gwamnati da bakinta ta ce masu samun ruwan famfo sun ragu daga kashi 32 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 7 a 2015. A cikin wannan giɓin ruwan leda ya tsiro ya yi rassa. Sakamakon kuma an gan shi a 2021, shekarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, akasarinsu a Arewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani zai ce ai leda ta wadatar, tunda tana ɗauke da lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC. Gaskiya ne akwai masana'antu masu kiyaye ƙa'ida, kuma leda ta ceci rayuka a inda babu zaɓi. Sai dai lamba shaidar rajista ce, ba ta gadin kowane buhu, kuma ana buga ta jabu. Ga kuma tsada: ledar rabin lita da aka sani a naira 5 ta kai naira 50 a garuruwa da yawa, gida mai mutum 8 kuwa, in kowa zai sha lita 2, leda 32 yake bukata a rana. Bayan an sha, ita ce ke toshe magudanan ruwa, ta gangara Kogin Antau da damina. Ruwan kwalba ma bai tsira ba, domin binciken masana a Jami'ar Columbia ta Amurka, wanda aka wallafa a Janairun 2024, ya gano ɓurɓushin roba kimanin 240,000 a kowace lita. Wani kuma zai ce kowa ya haƙa burtsatse. Keffi kan dutse take zaune, ruwan ƙasa a tsagogi yake taruwa, kuma rijiyar da aka haƙa kusa da masai ba ta da wanda ke gwada ta. Mai hali ya haƙa tasa, marar hali ya jira ɗan ga-ruwa: wannan ba tsari ba ne, watsi da talaka ne.

Kafin a gyara, akwai abin da ke wuyan kowane gida. A tafasa ruwa ya yi ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira rabin awa. Randa ta kasance a rufe, da moɗa ɗaya mai dogon hannu da ba a sha da ita. Ita kuwa gorar, a wanke ta da sabulu kullum, har murfinta, a bar ta ta bushe. Gorar da ba a wankewa gonar ƙwayoyin cuta ce, komai tsadarta. Kada a raina ƙananan matakai: da ƙyallen tacewa, wayar da kai da gyaran rijiyoyi aka kori kurkunu, daga masu ɗauke da ita fiye da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa shaidar kawar da ita daga Nijeriya a 2013.

Amma ba uwar gida ce za ta zama matatar ruwan gari har abada ba. Ruwan birane alhakin gwamnatin jiha ne. Hukumar Ruwa ta Jihar Nasarawa ta riƙa gwada ruwa a bakin famfon unguwanni, ba a matata kaɗai ba, ta sanar da sakamakon a rediyo kowane wata. A ba matatar Mada tsayayyiyar wuta, a fitar da bututu daga cikin kwata, a kafa famfunan da aka gwada a tashoshin mota, kasuwa, makarantu da masallatai, inda mai gora zai cika ta hankali kwance. Mu kuma mu biya kuɗin ruwa in ya zo, mu daina fasa bututu, mu kuma tambayi duk mai neman ƙuri'armu awa nawa famfo zai yi yana zuba a rana. Jarkoki da buhunan leda da ake rabawa lokacin zaɓe ba amsa ba ne, kuma bai kamata mu ƙara karɓarsu a matsayin amsa ba.