Jif Tana Gari, Daji Yana Hannun Wasu

A jihar Kolorado ta Amurka, da zarar ƙanƙara ta narke a watan Yuni, ma'aikata kan ɗaure tanti da tukwane a kan motocinsu masu jan ƙafa huɗu, su haye hanyoyin duwatsu irin su Engineer Pass, mai tsayin kusan mita 3,900, su kwana a can. Hanyoyin nan masu haƙar ma'adinai ne suka sare su a ƙarni na 19, yau kuma sun zama wurin hutu. Yawancin masu karanta wannan shafi sun ga irin haka a talabijin, wasunmu ma suna da irin motar a gareji. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Prado da Land Cruiser sun cika Sakkwato da Abuja, amma da wuya ka sami wadda aka taɓa saka wa giyar ƙarfi tun da aka sayo ta. Iyakarta ɗaurin aure da filin jirgi.

Mu a Tambuwal ba mu da dutsen kirki, sai tuddan burji nan da can. Amma tuƙi a inda babu kwalta ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya bar titin Sakkwato zuwa Jega ya nausa ƙauyukan Kebbe a watan Agusta, ya san direbobin a-kori-kura da 'yan kabu-kabu ne malaman wannan fanni. Ba su karanta littafi ba, amma sun san a sassauta iskar taya idan an shiga yashi, kada a canja giya a tsakiyar taɓo, kuma ba a faɗa wa rafi sai yaron mota ya tuɓe takalmi ya auna zurfinsa da ƙafa. Shebur da igiya da katakon ɗora jak ba sa rabuwa da su. Abin da Bature ke biyan kuɗi ya koya domin nishaɗi, su da shi suke kai gero kasuwa, da shi suke kai mai naƙuda asibiti.

Ba kuma a rasa duwatsun ba, ga mai son hawa. Tsaunin Mambila a jihar Taraba ya kai wajen mita 1,600. Daga Serti hanya takan bi ta Mayo Selbe ta fara murɗewa kamar maciji, har ta fitar da mutum Maisamari da Nguroje da Gembu, inda gonakin shayi na Kakara suke. A nan ne gwanin yashi kan koma ɗan koyo. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, saboda iska tana raguwa. Gangarowa ta fi hawa haɗari, domin wanda ya dogara da birki zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa. Ƙaramar giya ce ke riƙe mota. Sanyi kuwa yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, shi ya sa Basakkwacen da ya baro zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu zai nemi bargo a Gembu. Lokacin namu ma daban yake da na Turawa. Watannin hutunsu su ne tsakiyar daminarmu, sa'ad da hanyoyin tsauni ke santsi kamar an zuba kuɓewa. Namu lokacin daga Nuwamba ne zuwa Maris.

Kusa da nan ne gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar nan, da Chappal Waddi mai mita 2,419, ƙololuwar Nijeriya baki ɗaya. Ina tantama ko mutum ɗaya cikin ɗari na masu digiri a Arewa zai iya faɗin sunan, alhali sun san titunan Dubai kamar unguwarsu.

To, amma kada in zalunci masu jif. Ko da sun so, ina za su kafa tanti? Mahaifina da tsaransa sukan kwana a gindin kuka idan dare ya riske su tsakanin kasuwa da kasuwa, ba sa tsoron komai sai kura. Yau manomin Kebbe da gonarsa ke nesa da gari sai ya saurari labari kafin ya fita, balle baƙo da sabuwar mota mai ƙyalli. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, da aka keɓe domin masu yawon buɗe ido, ya daɗe da zama mafakar 'yan bindiga.

Maƙwabtanmu sun riga mu ɗanɗana wannan asara. A shekarun 1980 gasar motoci ta Paris zuwa Dakar kan ratsa Agadas, baƙi kuma suna tururuwa zuwa duwatsun Azbin, su kwana a Timiya da Iferwan, har UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Direbobi da masu jagora da maƙeran azurfa duk sun ci abinci da wannan harka. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kashe kasuwar. Gasar kanta an soke ta a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta.

Shi ya sa idan na ji jami'ai na maganar bunƙasa yawon buɗe ido, suna zayyana otal-otal da za a gina, nakan so a fara tambayar direban da ke lodin Kuchi ko Girkau, ƙarfe nawa yake daina shiga hanya.