Mene ne a cikin ƙwayar magani?

Jama'ar Tasawa da Mayahi, ƙwayar da ake ba ku a asibiti ba magani ba ce zalla. Sau da yawa maganin kansa ɗan kaɗan ne. Akan haɗa shi da wani farin gari mai suna selulos, sannan inji ya matse su su zama ƙwaya.

Selulos ba baƙo ba ne ga manomi. Shi ne zaren da ke ƙarfafa karan gero da harawar wake. Saniya tana narkar da shi a tumbinta. Cikin mutum kuwa ba ya iyawa, sai ya wuce ba cutarwa. Wanda ake sawa a magani, daga itace ko auduga masana'antu suke samo shi.

Garin nan yana riƙe ƙwaya kada ta marmashe. In ta shiga ciki kuma, yana jawo ruwa, ƙwayar ta fashe, magani ya fito. Saboda haka a sha ta da ruwa isasshe. Kada a ɓare ta daga takardarta sai za a sha, domin laimar damina tana lalata ta.

Abin tsoro shi ne, macuta suna matse gari kaɗai su sayar. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Ido ba ya rarrabe su a faifan ɗan talla ranar kasuwa. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro zai iya mutuwa alhali ana cewa yana shan magani. Ku saya a asibiti ko a farmasin da hukuma ta amince da shi.